Ƙasar Shuka daga Dutsen Bayan Jikwoyi

Sau ɗaya tak a rayuwata na ɗaga ƙarfe na buga wa mutum, kuma neman ƙasar shuka ne ya kai ni wurin. Lokacin ban daɗe da kama aiki a Abuja ba. Soja sun koma bariki, farar hula sun karɓi mulki, kuɗi sun shigo gari, duk inda ka waiga gini ake yi. Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, ba ni da halin kama ko ɗaki ɗaya a cikin gari. Sai na bar matata da yara a Zariya, na sami ciki da falo a Jikwoyi, can ƙarshen unguwa inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara.

Mai gidan wani dattijo ne ɗan Gbagyi, manomin doya, kowa Baba yake ce masa. Matarsa, Mama, maginiyar tukwane ce. Su Kiristoci ne, amma da azumi ita take ajiye mini ruwa a sabuwar randa ya yi sanyi kafin in dawo daga ofis. Hausarsu irin ta kasuwa ce, ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Malam suke ce mini, ko da yake ban taɓa koyar da kowa komai ba.

A tsakar gida Mama take aiki. Za ta dasa curin yumɓu a kan wani tsohon kasko, ta sunkuya, ta riƙa zagaya shi da baya da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har tukunya ta tashi ta kai mata gwiwa. In ta sha iska sai ta goge ta da dutse mai santsi, ta mirgina mata totuwar masara a wuya don ado. Ranar gashi a filin bayan gida ake jera tukwanen, a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta. In sun yi ja a jawo su da doguwar sanda, a yayyafa musu ruwan makuba, su yi hayaƙi su koma baƙi masu sheƙi.

Shuka kuwa tsintarta na yi. An yi wa ofishin darakta gyara, aka fitar da wata fulawa mai faɗin ganye aka yar a ƙarƙashin matakala, ganye biyu kawai suka rage mata. Na sa ta a leda na shigo da ita motar Nyanya, fasinjoji suna ta hararata. Na dasa ta a bokitin fenti, ina ba ta ruwa safe da yamma. Kwana biyar ɗayan ganyen ya faɗi.

Mama ta zo ta tsoma yatsa a bokitin, ta shinshina.

"Malam, kai ne kana kashe shi. Ruwa ya yi yawa, ba hanya da zai fita."

Ta ɗauko wata tukunya da ta tsage a wuta, ta huda gindinta da ƙusa, ta jera tsingaro a ƙasa. Ta yanke ruɓaɓɓun saiwoyin da wuƙa, ta barbaɗa musu toka.

"Kar ka ba shi ruwa sai ka sa yatsa ya fito a bushe. Kuma wannan jan ƙasa ba abinci a ciki. Baba zai kai ka dutse, akwai baƙi a can."

Dutsen yana bayan unguwa, tafiyar rabin awa ta cikin gonaki. Asabar ta farko takalmin ofis na sa, ban kai rabi ba na zame sau biyu, gwiwar wandona ta yage. Baba ya haura saba'in, silifas ne a ƙafarsa, amma kullum yana gaba yana jira na. Shi ya koya mini in riƙa taka dutse da gefen ƙafa, in guji inda ya yi baƙi-baƙi don gansakuka ce, in buga sanda kafin in sa hannu a kogo saboda maciji. A sama akwai kufai. A nan kakanninsa suka zauna zamanin da ake kai musu hari. Ya nuna mini inda mata suka yi ta niƙa har dutse ya lotsa, da wani tarin duwatsu inda mahaifinsa yake kwance. Daga wurin kana hango hanyar Karshi siririya, can nesa kuma benayen cikin gari.

Ƙasar tana cikin tsagogin dutse, inda ganye ya yi shekaru yana ruɓewa, baƙa wul, mai laushi. Da dagi muke tono, wani dogon ƙarfe mai kaifin baki, mu cika rabin buhu. A can na samo moda, mai tsayayyen ganye kamar takobi, da karan masallaci da ke fitowa a jikin dutse ba ruwansa da fari. Kafin shekara ta zagayo tukwane goma sha bakwai ne a barandata. Mutumin da ya bar iyalinsa nesa yana bukatar abin da zai dawo ya duba da yamma, ni su nake dubawa.

Ana nan sai wani kamfanin fasa dutse ya zo. Gine-ginen gari tsakuwa suke ci, dutsen nan kuwa ba shi da nisa da titi. Babu wanda ya zauna da mutanen gari. Sai dai aka wayi gari katafila ta keta hanya ta tsakiyar gonakin doya, aka kafa injin niƙa a gindin dutsen. Nakiya suke sa masa. Da farko suna busa jiniya kafin su tayar, daga baya suka daina.

Wata Juma'a da la'asar na dawo da wuri, Mama da maƙwabtanta mata uku suna gashi a fili. Ƙasa ta girgiza, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Sai duwatsu suka fara zubowa. Ɗaya kamar kan mutum ya faɗa tsakiyar wutar, aikin wata guda ya tarwatse, garwashi ya watsu ko'ina. Zanin ɗaya daga cikin matan ya kama, ta zura a guje wutar tana ƙara ci. Mama ta bi ta ta kayar, ta yi ta mirgina ta a ƙasa har wutar ta mutu, amma fatar cinyarta ta riga ta saluɓe. Wani dutsen kuma ya sami akuya a turke ya karya mata gadon baya. Tana jan jiki da ƙafafun gaba tana kuka kamar jariri. Baba ya miƙo mini wuƙa.

"Malam, kai ka yanka shi, kowa ya iya ci."

Na yanka.

Dattawan gari suka ce a rubuta koke. Ni na buga musu shi a ofis, da Turanci mai ladabi. Amsar da ta zo ita ce samari kusan goma da kamfanin ya ɗauko daga wani wuri, masu adduna da gorori, suka kafa rumfa a gindin dutsen. Ramin da Mama take haƙar yumɓu tun tana amarya yana nan kusa da rumfar, a bakin wani ɗan rafi.

Sati uku ba ta je ba. Da yumɓun gida ya ƙare, wata Asabar da safe ta ɗauki daro ta ce za ta. Baba ya ce zai raka ta. Ni ma na ɗauki dagi da buhu. Gaskiya ina da shuke-shuke biyu da suka cika tukunyarsu suna bukatar sabuwar ƙasa, kuma na ɗauka mai katin aikin gwamnati a aljihu ba wanda zai taɓa shi.

Mama ta cika daronta, ta ɗora a kafaɗa kamar yadda matansu suke ɗaukar kaya, sai ga samarin rumfar sun fito su shida. Babbansu dogo ne, ya ɗaura jan ƙyalle a kai.

"Kai tsoho, ba ka ji an sayar da nan ba? Oga ya ce ko kaza kada ta shigo."

Baba ya ce, "Wa ya sayar? Babana yana kwance a sama. Ni ban sayar ba."

Dogon ya matso. Ya sa gora ya ture daron daga kafaɗar Mama. Ta durƙusa tana tattara yumɓun, sai ya ɗora takalminsa a kan hannunta na dama ya danna, ya murza. Ba ta yi kuka ba, sai wani nishi da ta yi. Baba ya hankaɗe shi da hannu biyu.

Su huɗu suka rufar masa. Ya kare kansa da hannu, gora ta sauka a kan hannun, na ji ƙashin ya karye. Ni kuwa na ciro katina na ɗaga sama ina cewa ni ma'aikacin gwamnati ne, su bari. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ɗaya ya juyo ya kawo mini sara da adda, na tare da hannun hagu, ta yanke ni daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu. Ban ji zafi ba a lokacin, ɗumi kawai na ji yana gangarowa.

Baba yana ƙasa. Wani saurayi siriri mai farar singileti ya tsaya a kansa, ya ɗaga gora da hannu biyu yana auna kan tsohon. Dagin yana hannuna na dama. Ban yi shawara da zuciyata ba, na wurga shi da iya ƙarfina, ya same shi a muƙamuƙi. Ƙarar kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ya faɗi a gefen Baba, bakinsa ya karkace, jini da haƙora suna fitowa, ƙafarsa ɗaya tana shure ƙasa. Kowa ya tsaya cak, har ni.

Mama ce ta fara motsi. Ta miƙe ta saki wata irin kururuwa da yarensu, manoman da ke gonaki suka taso a guje da garmuna. Samarin suka ciccibi nasu suka bi ta bayan injin suka gudu.

Aka ɗauko Baba a kan ƙyauren wata bukka aka kawo bakin titi, ƙashin hannunsa ya huda fata ya leƙo. Na ɗaure nawa da rigata, na zauna a kan kwalbati muna jiran mota. Matasan gari suka taru, da suka ga hannun Baba sai idanunsu suka juye. Daidai nan wata tifa ta fito daga hanyar kamfanin cike da tsakuwa. Suka jefa kututture a gabanta, suka fasa gilashin, suka jawo direban ta taga. Magidanci ne mai furfura a gemu, bai ma san abin da ya faru ba, kaya kawai ya zo ɗauka. Suka yi ta dukansa da duwatsu da ƙotar garma har ya daina kare fuskarsa. Wani ya zo da galan na fetur ya tuttula masa.

Ina zaune ina gani, tsakanina da shi bai fi taku ashirin ba. Ban tashi ba. Na sha gaya wa kaina jinin da na zubar ne ya hana ni, amma na san tsoro ne.

Mama ta kutsa cikinsu da kumburarren hannunta, ta kwanta a kan mutumin, fetur ya jiƙa mata zani. Ta ɗago kai ta yi musu magana da yarensu, ba da ƙarfi ba. Daga baya Baba ya faɗa mini abin da ta ce: duk mai son ƙyasta ashana ya fara da wadda ta yi masa wanka ranar da aka haife shi. Wanda ke riƙe da ashana ya sunkuyar da kai. Suka juya kan motar suka banka mata wuta, tayoyinta suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. A-kori-kura ɗaya ta kwashe mu zuwa asibiti, ni da Baba da Mama da direban.

Aka ɗinke ni aka sallame ni a ranar. Mama yatsu biyu suka karye, aka ɗaure mata. Baba da direban aka ba su gado.

Ranar Litinin da hantsi ina gida, sai ga manyan motoci biyu cike da masu kaki, an zo neman waɗanda suka ƙona tifa. Ba su tambayi kowa komai ba. Suka ɓalle ƙofofi, suka fito da duk namijin da suka samu, suka kwantar da mu rub da ciki a tsakar gida. Wani tela da ke haya a ɗakin kusa da nawa ya ɗago kai zai yi magana, aka sa masa gindin bindiga a baki. Ɗaya ya taka mini bandeji har ɗinkin ya buɗe. Ya lalubi aljihuna, ya ga katin aiki, ya ɗaga ni tsaye.

"Oga, me kake yi a cikin waɗannan? Koma gefe."

Na koma gefe. Daga nan na kalli wani a cikinsu yana bin barandata yana fasa tukwanen da gindin bindiga, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar aikin da aka sa shi ya ƙirga. Da ya gama ya shiga rumfar Mama, ya fasa ɗanyu da gasassu, har randar ruwan sha. Mama tana tsaye a bakin ɗakinta tana kallo. Suka tafi da maza goma sha ɗaya, har da telan da bai fita daga shagonsa ba ranar Asabar.

Da yamma na tattara abin da ya rage, na naɗe saiwoyin da jiƙaƙƙen buhu, na yanka jarkoki na huda gindinsu na dasa. Da hannu ɗaya na yi. Modar da karan masallacin suka rayu, sauran suka bushe a cikin sati.

Ranar Talata na je a sake mini ɗinki, na biya ta ɗakin maza in duba Baba. Hannunsa yana rataye, ya rame. Da na zauna sai ya nuna mini da ido gado na uku daga nasa. Saurayin nan ne mai farar singileti. An ɗaure masa haƙora da waya, fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Wata dattijuwa tana zaune a gefensa da kofin koko da tsinken roba na zuƙa. Ta ga na yi kama da mutanen gida, ta yi mini sallama, da na ji Hausarta na san daga wajen garinmu take.

"Ɗan nan, don Allah taimaka ka ɗago mini shi ya sha. Jiya na iso, ban san kowa a nan ba."

Na je na sa hannuna mai lafiya a bayansa na ɗago shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya juyo da idon da ke buɗe ya kalle ni, ya kalli bandejina. Na ji bayansa ya sandare a hannuna. Ya gane ni, amma ba shi da bakin faɗa.

Uwar ta ce, "Ce mini ya yi gadi ya samu a Abuja. Wai arna ne suka tare su. Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi masa wannan."

Na riƙe shi har ya shanye kokon, rabi yana zubowa ta gefen baki tana sharewa da bakin mayafi. Ta sa mini albarka. Na koma wurin Baba na zauna.

Baba ya ce a hankali, "Da ba ka buga ba, ni na mutu. Amma kar ka ji daɗi."

Na ce masa ban ji daɗi ba. Ban sake shiga ɗakin ba sai da na tabbata an sallami yaron. Ban san inda uwarsa ta kai shi ba, ban kuma san ko bakinsa ya koma daidai ba.

An saki mazan bayan sati biyu, telan ba haƙoran gaba. Kamfanin ya kawo sababbin masu gadi, ya kewaye gindin dutsen da waya, har da ramin yumɓu. Hannun Baba ya haɗe a karkace, bai ƙara riƙe garma ba. Damina biyu ya yi ya rasu. Ya so a kai shi sama kusa da mahaifinsa, amma lokacin gefen da kufan yake an riga an cinye shi, sai aka binne shi a bayan coci. Mama ta koma wurin 'yarta a Abaji.

Ranar jana'izar ina tsaye a waje ƙarƙashin mangwaro, sai wani ya dafa ni. Direban tifar nan ne, yana ɗingishi, kunnensa ɗaya ya naɗe. Ya ce a tasha ya ji labari, ya zo ya yi wa matar da ta kwanta a kansa ta'aziyya. Ya jira har aka fito, ya durƙusa a gabanta, ta kama kafaɗarsa ta tashe shi. Da za mu watse ya ce in Nyanya na nufa ya rage mini hanya, lokacin kuwa can na koma da haya. Wata tifar ce aka ba shi, tana fake a bakin titi cike da tsakuwar dutsen nan, za a kai wani gini a cikin gari. Na hau gaba. Ya tambaye ni yara nawa gare ni, na ce biyu, ya ce shi bakwai. Ya sauke ni a ƙarƙashin gada, ya wuce.